Kantunan rahusa: abin da nake ɗauka da abin da nake bari a kan kanta

Na daɗe ina sayayya a kantunan rahusa, kuma ni mutum ne da ba ya son tara shara. Wasu na ganin mai damuwa da muhalli ba shi da abin yi a irin waɗannan wurare. Ni dai ina samun abin kirki, amma sai da na gane cewa kaya iri biyu ne a ciki, ko da yake a kanta ɗaya ake jera su.

Akwai kayan da suka yi kwantai a wani wuri: kamfani ya sauya kwali, ko yayinsu ya wuce, ko kwalin ya ɗan lotse a hanya. An riga an ƙera su, an riga an ƙona man dakonsu, idan ba a saya ba wasunsu bola za su nufa. Su nake farauta. Sai kuma kayan da tun daga masana'anta aka yi su don araha kawai, ba don su daɗe ba. Bambance su ba wuya. Na kwantai 'yan kaɗan ne, da sunan kamfani da adireshinsa a jiki, in ka dawo mako mai zuwa ba lallai ka same su ba. Na biyun kuwa kullum suna nan tuli, ba sa ƙarewa.

Inda na fi cin riba shi ne kwalaben gilashi masu murfi, kwanukan silba da tawul na auduga. Kwalba ba ta da abin ɓoyewa. Nakan zagaya bakinta da yatsa in ji ko akwai tsaga, in rufe murfin in juya ta, in ga ko yana kamawa. Waɗanda na saya haka har yau suna aiki, ba su riƙe wari ba, ba su dafe ba. Kwanon silba kuma nauyinsa ke faɗin gaskiya: in ka matsa gefensa da babban yatsa ya lanƙwashe, mayar da shi.

Kayan lantarki ne suka fi ba ni haushi. Wata wayar caja da na saya ta tsage daga wuya tun ban gama sabawa da ita ba, ga shi ba ta gyaruwa. Batura masu arha ma haka, yawancinsu na zinki da kabon ne, ba sa daɗewa kamar batura nau'in alkalin, har wasu suka zubar min da farin gari cikin tocila. Ƙwan lantarki na LED daban ne, domin yana rage cin wuta da kusan kashi 75 cikin 100 idan aka kwatanta da tsohon ƙwai mai zare, sai dai shi ma mai sunan kamfani nake ɗauka.

Yanzu ga ɓangaren da aka yi wa ado da koren launi da hoton ganye. A nan na fi taka tsantsan. Kofunan da ake rubuta wa "na itacen gora" sau da yawa garin gora ne aka cuɗa da robar melamin, ba ruɓewa za su yi ba. Jakar auduga da ake rataye wa kusa da wurin biyan kuɗi ita ma ba kyauta take zuwa ba: wani bincike da hukumar muhalli ta Ingila ta fitar a 2011 ya nuna sai an yi amfani da ita sau 131 kafin ta fi ledar da aka yi amfani da ita sau ɗaya sauƙi ga ɗumamar yanayi. Wanda yake da jaka a gida, ƙara wata ba taimakon kowa ba ne, komai arharta.

Idan dole sai roba, nakan kifa mazubin in duba lambar da ke cikin alamar nan mai kusurwa uku. Lamba 1 da 2 su masu sake sarrafa roba suka fi karɓa, 5 wani lokaci, 3 da 6 kuwa da wuya. Alamar nau'in robar kawai take nunawa, ba alkawari ba ce. Ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, wato OECD, ta ce a rahotonta na 2022 kashi 9 cikin 100 kacal na sharar roba ake sake sarrafawa a duniya.

Wata dabarar da ba na so ita ce ƙananan ƙunshi. Sabulun ruwa a 'yar mitsitsiyar gora yana kama da araha, amma in ka raba kuɗin da yawan mililita sai ka ga babbar gorar wani shagon ta fi sauƙi, ga roba ɗaya maimakon huɗu. Wayata nake fitarwa in yi lissafin a tsaye, ba na jin kunya.

Kayan gwangwani da busassun kaya da kwanan watansu ya matso ina saye, muddin gwangwanin bai kumbura ko ya yi tsatsa ba, kuma daidai abin da gidana zai cinye kafin lokacin nake ɗauka. Man shafawa na kariya daga rana da magunguna kuwa, in kwanansu ya kusa, ko an zaftare rabin kuɗin ba na taɓawa.