Horon malamai kan koyar da karatu, abin da na gani

Na halarci wani horo na kwana 5 kan koya wa yara karatu ta hanyar sautin haruffa, gaskiya na ƙaru sosai. Da can sunan harafi kawai nake sa yara su haddace, ashe sauti ake fara koyarwa, sannan a haɗa b da a su ba da ba, daga nan a gina kalma, mataki mataki ba tsallake. Mai horon ma sai da ta sa muka zama ɗalibai muna maimaitawa da baki, abin dariya wallahi, manya da gemu ana ta mmm da sss.

Inda suka gaza, lokaci yayi kaɗan, ɓangaren yaran da karatu ke musu wuya a gurguje aka wuce shi, kuma littafin jagorar bai ishe mu ba, mu uku muke leƙa guda ɗaya.