Sifikar tsaye ta falo: wacce za ka saya a Abuja, yaya kuma za ka kafa ta

Kafin ka nufi Banex ko kasuwar Wuse, auna falonka tukuna. Sifika mai tsayawa a ƙasa tana son ɗakin da ya kai murabba'in mita 20 ko fiye. A ƙaramin ɗaki bes, wato sauti mai kauri, yakan taru a lunguna ya danne muryar mawaƙi, gara ka ɗauki ƙananan da ake ɗorawa kan kanta.

Dogayen nan masu fitilu masu canza launi na wajen biki ne, ka bar wa masu biki. Klipsch RP-8000F tana da ƙara sosai, amma a falon tayil siririn sautinta yana gajiyar da kunne. Wharfedale Diamond 12.3 tana da taushin murya, sai dai wufa biyun da ke jikinta, wato fayafayan da ke fitar da sauti mai kauri, inci 5 ne, ba su cika babban falo.

Wadda ta fi dacewa da gidajenmu ita ce Q Acoustics 3050i, ta kamfanin Ingila. Tsayinta ya ɗan wuce mita ɗaya, tana da wufa biyu masu inci 6.5, tuwita mai fitar da siririn sauti na tsakaninsu. Babban abin da ya sa ta gaba shi ne ba ta wahalar da amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi ta tura mata: lambar saurin amsawarta dB 91 ce, dB kuwa ma'aunin ƙarar sauti ne. Duk bambancin dB 3 daidai yake da ninka ƙarfin amfilifaya, wato abin da mai dB 88 za ta ba ka da wat 100, ita wannan za ta ba ka da wat 50. Mai dogaro da inbata ya san amfanin haka. An kuma ɗaure akwatinta da kyau ta ciki, shi ya sa bugun kalangu ke fita tsaf, ya tsaya inda ya tsaya, ba ya jan wata gunji a bayansa. Ramin iskarta yana baya, kuma tana zuwa da soson toshe shi idan dole sai ta matsa kusa da bango. A ma'aunin turjiyar wuta om 6 ce, tana sauka har 4, don haka ka haɗa ta da amfilifaya irin Yamaha A-S501 mai wat 85 kowane ɓangare.

Sai maganar jabu, wadda ta fi zaɓen suna muhimmanci. Duk kwalin da aka rubuta wa PMPO wat 5,000, ka wuce abinka, PMPO lissafin talla ne kawai. RMS, wato ƙarfin da take ɗauka a ci gaba, shi ne lissafin gaskiya. Nauyi ma ba hujja ba ne, ana liƙa siminti a gindin akwati don mai ɗagawa ya ji kamar kayan kirki ne. Ana saka tuwita ta ado wadda babu waya a bayanta: kunna waƙa a hankali, ka kai kunne kan kowace ɗaya. Idan sifikar ta gwanjo ce, ka tafi da batir mai bolt 1.5, ka taɓa wayoyinta da shi na ɗan lokaci. Wufa biyun su motsa tare, zuwa gefe guda. Sa yatsu kewaye da tsakiyar wufa ka danna a hankali, in ka ji karce, koyil, wato naɗin wayar da ke cikinta, ta taɓa ƙonewa ko an yi mata naɗin gida. Duba robar gefen ko ta tsattsage, duba sukurori ko an sha kwance su. Mai shagon da ya ce ba a gwaji sai an biya, ka ce masa, Alhaji, Allah ya kawo kasuwa. Amfilifayar da aka kawo daga Amurka kuma ta bolt 120 ce, wutarmu 230; ka karanta bayanta kafin ka jona, in ba haka ba nan take za ta ƙone. Waya ma akwai ta alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare sili ɗaya da reza, in cikin fari ne ka mayar. Ta jan ƙarfe zalla mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ta wadatar.

Wajen kafawa, bar mita biyu zuwa biyu da rabi tsakanin sifikun, kujerarka ita ma nisanta da kowace ya zama haka. Janye su daga bango kamar santimita 50, ka ɗan karkato su wajenka, tuwita daidai kunnenka idan kana zaune. Wajen jona waya, ja da ja, baƙi da baƙi. In ka juya ɗaya, bes zai ɓace, murya ta rasa tsakiya. A kan tayil ka sa wa ƙusoshin ƙafarta roba, ka shimfiɗa kafet mai kauri tsakaninka da su, labule mai nauyi ya rufe taga.

Abin da ya fi kashe tuwita shi ne ƙaramar amfilifayar da aka ƙure, domin sautinta yana yankewa ya tura wa tuwita zafin da ba ta iya ɗauka. Da ka ji sauti ya fara kaushi, rage. Sa sitabilaiza, kuma ka kashe amfilifaya kafin a juya wuta zuwa janareta. Lokacin hunturu ka bar ragar gaba a jikinta saboda ƙura.