Ƙarin batiri ko fawa-banki: amsa ga mai ɗaukar biki a Birnin Kebbi

Wani ƙaninmu mai ɗaukar bidiyon biki a Birnin Kebbi ya kawo kuka cewa batirin kyamararsa, Sony Handycam, ba ya kai shi awa ɗaya, ranar Asabar ma ana tsaka da kamu ta ɗauke. Kuɗin hannunsa na abu ɗaya ne, shi ne yake tambaya ko ya ƙaro batiri ko ya sayi fawa-banki. Ƙanena, na yi aiki da duka biyun, kuma in dai biki ne sana'arka, batiri za ka fara saya. Bari ka ji dalili.

Ciro batirin naka ka karanta lambar jikinsa. In NP-FV50 ne, cikinsa wajen 1,000 mAh ne kawai (mAh shi ne ma'aunin yawan wutar da batiri ke riƙewa), ka ga ba lalle ya lalace ba, asali ƙarami ne. NP-FV70 ya ninka shi biyu, NP-FV100 ya haura ninki uku, kuma duk gurbi ɗaya suke shiga. Babban dai zai turo baya ya ƙara maka nauyi, wuyan hannunka zai ji a jika kafin a kai amarya.

Fawa-banki kuwa lambarsa na ruɗin mutane. Ka ga an rubuta 20,000 mAh, sai ka ɗauka ya ninka naka sau ashirin. Ba haka lissafin yake ba. Shi an auna shi ne a kan bolt (ma'aunin ƙarfin wuta) 3.7, batirin kyamara kuma wajen bolt 7 yake, don haka raba lambar biyu, sannan ka cire abin da ke tafiya a zafi wajen juya wutar. Duk da haka abin da ya rage ya kai kamar FV70 huɗu, kuma a farashi ya fi sauƙi. Ta nan kam ya yi wa batiri fintinkau.

Matsalar ita ce yadda wutar za ta shiga kyamara. Bakin USB na yau da kullum bolt 5 yake bayarwa, alhali cajar Handycam da yawa bolt 8.4 take turawa, duba rubutun bayan taka za ka gani. Wasu suna da guntuwar wayar USB a maɗaurin hannu, amma da yawansu sai a kashe suke shan caji ta nan, ba ka ɗauka tana ci. Akwai wani kwanson batiri mai waya da ake sawa a gurbin na ainihi, ya ɗaga wutar fawa-banki zuwa yadda kyamara ke so. Yana aiki, sai dai wasu kyamarorin Sony in ba su gane batiri ba sukan rubuta gargaɗi su kashe kansu. Kada ka biya sai ka gwada a gaban mai shago.

Ko ya yi, waya a wurin biki abin tsoro ce. A wata walima a Jega na rataya fawa-banki a aljihu, waya na lilo zuwa kyamara. Aka taso yin liƙi, gyalen wata baiwar Allah ya ja wayar, wuta ta yanke ina cikin ɗauka. Abin da na ɗauka tun shigowar amarya ya ƙi buɗuwa, domin kyamara ba ta samu ta rufe fayil ɗin ba. Har yau ina jin nauyin mutanen gidan nan. Batiri a gurbinsa ba ya yi maka haka: yana nuna saura minti nawa, kai ka zaɓi lokacin canji, ko sanda makaɗa suka sarara.

Inda fawa-banki ya yi zarra shi ne aikin zaune: tafsirin azumi, saukar karatu, wa'azi, inda kyamara ke kafe kan ƙafafunta uku awa biyu ba mai taɓa ta. Haka in aiki ya kai ka ƙauyen da babu wuta, ka haɗa shi da caja mai gurbi biyu mai shan USB a cikin jaka, wannan na aiki wancan na cika.

Akwai kuma abin da ke cin batiri a garin nan fiye da aiki, wato zafi. Daga Maris zuwa Afrilu muna haura digiri 40, ita kuwa Sony tsakanin 10 da 30 ta ce a yi caji. Wanda ka ciro da ɗumi, bar shi ya huce a inuwa tukuna. Kada ka bar jaka cikin mota a rufe da rana. Irin wannan batiri daga caji 300 zuwa 500 yake fara ja da baya, zafi kuma na gaggauta masa. In ya kumbura har yana ƙin zamewa cikin gurbi, rabu da shi nan take, yana iya kama wuta. In za ka yi makonni ba aiki, cire shi daga kyamara da rabin caji.

Don batiri ya daɗe maka, rufe allon gefe duk sanda ba ka ɗauka, rage haskensa, kashe Wi-Fi in akwai, ka rage yawan jawo hoto kusa da nesa.

Wajen saye ka yi hattara da jabu. Babban batiri da ka ɗaga ka ji shi sakayau, mayar wa mai shi. Wanda ka sayo, cika shi, ka kunna ɗauka a gida har ya mutu, ka rubuta mintocin a takarda ka manna a bayansa. Ka nemi FV70 ko FV100 tare da cajar waje yanzu, shi kuma tsohon naka ya koma na ajiya a aljihu. Fawa-banki ya jira kuɗin bikin gaba, kafin azumi.