Calke Abbey: gidan masu kuɗin Ingila da aka bari da ƙurarsa

Ga 'yan uwa mazauna wajen Derby, Nottingham ko Birmingham masu neman inda za su kai iyali ran hutu, akwai Calke Abbey kusa da ƙauyen Ticknall a Derbyshire, kuma ni dai a ganina ya ci kuɗin tikitinsa, amma fa kada ka je kana sa ran ganin fada mai ƙyalli irin ta sarakuna. National Trust, ƙungiyar da ke kula da tsofaffin gidaje da wuraren tarihi a Ingila, da ke riƙe da gidan tun 1985, da gangan suka ƙi yi masa kwalliya, sun dai gyara rufi sun tare yoyo don kada ya rushe, sauran kuma suka bar shi yadda suka tarar, fenti na ɓarewa, takardar bango ta yi dauɗa tana reto, tarkace jibge a ɗakuna. Wannan lalacewar ita ce hajar da suke sayarwa, kuma wallahi ta fi koya maka abu fiye da gidajen da aka goge tas.

An gama ginin a 1704, na zuri'ar Harpur ne waɗanda daga baya suka koma Harpur Crewe, mutane ne masu gudun jama'a da son tara kaya, ba sa yar da komai. Sir Vauncey, wanda ya rasu a 1924, shi ne gwarzon labarin, ya hana mota shiga filin gidan sam, 'ya'yansa mata ma da suke gida ɗaya wasiƙa yake rubuta musu bara ya kai, aikinsa kawai harbin tsuntsaye da tara su. Ko'ina ka juya akwatunan gilas ne cike da tsuntsaye da dabbobin da aka busar, ga duwatsu ga kawunan barewa a bango. Ɗakin da Sir Vauncey ya kwana yana saurayi kuwa sai ka ce ɗakin kakar da ba ta yarda a taɓa mata ko tsohon gwangwani, kaya har kan gado. Yara wasu za su ji daɗi wasu su tsorata, ka san naka.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne yadda kake ganin ƙarfin gida yana janyewa ɗaki bayan ɗaki. Irin wannan gida da barori yake numfashi, kuku, masu wanki, masu lambu, masu kula da dawaki, masu tashi da asuba su hura wuta a kowane murhu. Yaƙin duniya na farko ya kwashe samari, 'yan mata suka ɗanɗana albashin masana'anta da ofis, to wa zai dawo goge bene a kan 'yan kuɗi kaɗan? Na biyu ya zo ya ƙarasa, ga kuma harajin gado da gwamnati ta yi ta ɗagawa har a 1949 ya kai kashi 80 cikin ɗari a kan manyan dukiyoyi, duk mutuwar maigida sai an sayar da gona ko kayan ɗaki kafin a biya. Gidaje irin wannan da yawa rushe su aka yi a shekarun 1950. Su mutanen Calke dabararsu ɗaya ce, ɗakin da ya fi ƙarfinsu sai su tura tarkace ciki su ja ƙofa su matsa gaba. Lantarki ma sai 1962 ya shigo, ka ji fa, a Ingila. Da maigidan na lokacin, Charles Harpur-Crewe, ya rasu a 1981 aka lissafa musu harajin fam miliyan 8, ƙanensa Henry ba shi da hanyar biya, ƙarshenta gidan ya koma hannun National Trust a madadin harajin.

Kada ka tsallake tsohon kicin da ramin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, wanda ma'aikata ke bi don kada masu gida su gan su, sanyi da duhu, nan za ka gane dalilin da ya sa ba su yi kewar aikin ba. Akwai kuma wani gado na alfarma na ƙarni na 18 da labulen siliki ɗinkin Sin, a cikin akwatuna aka same shi a naɗe, shi ya sa launinsa ke nan raɗau kamar jiya aka ɗinka. Masu aikin sa kai da ke tsaye a ɗakuna, yawanci dattijai, sun san gidan ciki da bai, ka yi musu tambaya ɗaya su ba ka labari uku, ka dai tanadi lokaci.

Waje kuma dawa ce mai faɗi, ga barewa na kiwo, ga wata tsohuwar bishiyar oak da ta haura shekara 1,000, ga lambu mai katanga, akwai wurin shan shayi da shago. Mu dai guzurinmu muka ɗauka muka shimfiɗa a ciyawa. Da mota ya fi sauƙi don wurin ƙauye ne, ka sa takalmin da ba ka jin tausayinsa saboda taɓo, mai katin memba na National Trust ba ya biyan kuɗin shiga. Kuma ka duba shafinsu kafin ka taso, don cikin gidan ba kamar filin ba ne, akan rufe shi lokacin hunturu.