Oak Alley: gidan ya haɗu, amma ku fara ta baya

Na je Oak Alley, wani tsohon gidan gonar rake na zamanin bauta da ake zuwa gani, a Luwiziyana ta Amurka, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga New Orleans, daf da kogin Misisipi, kuma gaskiya kuɗin tikitina bai tafi a banza ba. Tun daga nesa za ka hango manyan itatuwan oak guda 28 sun yi layi biyu, rassansu sun haɗe a sama kamar rumfa har ƙofar gidan, gidan ma ginshiƙai 28 ne suka zagaye shi, wai don lissafin ya zo ɗaya. Mai gonar Jacques Roman ne ya sa aka fara ginin a 1837 aka gama a 1839, da kuɗin rake, salon ginin Girkawan da.

Abun da ya burge ni shi ne yadda suka yi wa zafi dabara ba lantarki ba komai, silin can sama, ƙofofi da tagogi suna kallon juna iska na ratsawa, ga baranda ta kewaye bene gaba ɗaya rana ba ta dukan bango. Ginshiƙan nan kai ka rantse dutse ne, ashe jan bulo ne aka shafe da filasta, kuma bayi ne suka buga bulon a nan cikin gonar.

A ɗakin cin abinci akwai wata ƙatuwar fanka rataye a saman tebur mai igiya, mai yi mana bayani ta ce yaro bawa ne ke tsayawa a lungu yana ja har masu gida su gama ci, wallahi daga nan na daina kallon kujeru da faranta, igiyar kawai nake kallo.

Shi ya sa na ce ku fara ta ɗakunan bayin da aka sake ginawa a baya kafin ku shiga babban gida. Akwai bangon da aka rubuta sunayensu, har da Antoine, mai kula da lambu wanda ya gano yadda ake yi wa itacen pikan (wani itace mai 'ya'ya masu ɓawo da ake ci kamar gyaɗa) aure ya kama, aikin da ya gagari wasu kafin shi.

In da hali kar ku je tsakiyar bazara sha, gumi da sauro sun ba ni kashi. Whitney ma, wata tsohuwar gonar da aka mayar gidan tarihin bayi, tana kusa, in kuna da sauran lokaci ku haɗa biyun rana ɗaya.