Na sayi Age of Empires III saboda Hausawa, katuna suka riƙe ni

Makin da masu sharhi suka ba Age of Empires III: Definitive Edition, wasan kwamfuta na gina gari da yaƙi da ya fito a 2020, bai burge ni ba, shi ya sa na daɗe ban waiwaye shi ba. Abin da ya ja ni shi ne ƙarin da suka fitar a 2021, The African Royals, wanda ya shigo da Hausawa da Habashawa. Idan ka zaɓi Hausawa, Kano ce babban birninka, Sarauniya Amina ce jagora, kuma idan ka danna soja da Hausa yake amsa maka. Na ce ko don wannan zan saya, in ji yarena, in ga 'yan lifida, in ajiye.

Ashe ban san komai ba tukuna. Akwai wani abokina da ba ya wasa da kowa sai Turkawa. Kafin in gama tattara shanuna ya turo Janisari, sojojin ƙasa na Turkawa, sun cinna wa gidajena wuta. Haka ya yi ta yi mini har na fara cewa an raina Hausawa, an yi su da rauni. Sai na buɗe wajen katunan babban birni. A wasan nan kowane ɗan wasa yana shirya ƙunshin kati 25 kafin a fara, kuma duk lokacin da ka tara maki sai ka kira ɗaya daga gida: sojoji, itace, zinariya ko wata fasaha. Na zauna na karanta su ɗaya bayan ɗaya. Dawakin lifidi ba sa iya wa Janisari, domin sojan ƙasa mai bindiga irinsa maganin doki ne. Maharban Fulani su ne maganinsa. Na cire katunan da sai can ƙarshen wasa suke amfani, na cusa maharba da itace a zamani na biyu, wato mataki na biyu na ci gaban gari a wasan, na sayar da shanu a kasuwar dabbobi na samu abin gini da wuri. Da ya zo da rundunarsa kamar kullum, kibau suka tare shi a bakin gari. Ya ja da baya, na bi shi da lifida. Wallahi ihun da na yi sai da aka leƙo daga tsakar gida. Ƙabila ɗaya, taswira ɗaya, abokin gaba ɗaya, amma wasan ya zama wani daban saboda kati kaɗan da na sauya.

Wannan ne mai ba da maki ba ya gani. Ya buga labarin wasan na 'yan kwanaki, ya duba kyan hoto, ya rubuta lamba. Bai zauna ya haɗa ƙunshi ɗaya na taswirar ruwa ba, wani na kai hari da wuri, wani kuma na yarjejeniyar minti 40 da ba a taɓa juna sai kowa ya gina ganuwa ya cika mutum 200. Ga kuma tasiri, dukiya ta huɗu da Hausawa ke tarawa ta jami'a da fada da shanu, wadda da ita ake ɗaukar sojan da ake kira Maigadi. Yadda za ka jera gine-ginenka ma lissafi ne.

Amma fa raina ya ɓaci, kuma har yanzu idan na tuna yana ɓaci. Datar da saukar da wasan ta cinye ta isa ta wata guda, kuma Hausawan kuɗinsu daban. Ka ɓata dare kana gyara katuna, ka shiga wasa da mutane, intanet ta tsinke ana tsakiyar yaƙi, ko a ɗauke wuta kwamfutar ta mutu. Kwamfutar da wani mai shago ya rantse mini za ta ɗauki wasan, da an haɗu mutum takwas sai ta fara tafiyar hawainiya. Na koma masa ya ce shi bai san zancen ba.

Wajen ƙirƙirar taswira kuwa na fara gina Kano da ƙofofinta, Ƙofar Mata da Ƙofar Nasarawa, aikin na da wuya ƙwarai kuma ban gama ba. Wanda ke da kwamfuta mai ƙarfi da haƙurin karanta katuna ya saya. Wanda yake so ya ji Hausa kawai ya tashi, bidiyon YouTube ya ishe shi.