Farin Ruwa na Wamba: wurin ya biya, masu shirya tafiyar su ƙara gyara

Akwai wasu samari a nan Katsina da ke shirya tafiyar yawon buɗe ido, ka biya kuɗin mota da masauki da abinci a dunƙule, sauran ɗawainiya tasu ce. Da su na je Farin Ruwa, wani ruwa mai zubowa daga kan dutse a ƙaramar hukumar Wamba ta jihar Nasarawa, a ƙarshen damina.

Mota ba laifi. Direba mai natsuwa ne, kuma lokacin sallah na yi zai nemi masallaci ya tsaya ba sai an roƙe shi ba. A Akwanga muka kwana, ɗaki mai tsabta da ruwa da gidan sauro.

Bayan an wuce Wamba hanya ta fara wuya. Inda mota ta gaza muka hau babura, inda babura suka gaza muka taka da ƙafa cikin kurmi da duwatsu. Tun ido bai gan shi ba kunne ke jin rugugi. Ruwan daga tsaunukan Filato yake gangarowa, ya faɗo daga tsayin kusan mita 150, wato ya ɗara na Victoria da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, wanda tsayinsa mita 108 ne, ko da yake wancan ya fi shi faɗi nesa ba kusa ba. Mu da muka saba ganin ruwa a kwance a dam ɗin Zobe ko Ajiwa, ganin kogi guda yana zubowa daga kan dutse fari tas sai da ya sa kowa tasbihi. Feshinsa kaɗai ya jiƙa mini riga sharkaf, gilashin idona ya yi hazo, dole na cire na riƙe a hannu.

Wanda ya fi cancantar yabo shi ne ɗan jagoran da suka ɗauko daga ƙauyen da ke kusa. Duwatsun gindin ruwan duk gansakuka ce, santsi kamar an shafa musu karkashi. Yana gaba yana waiwaye: "Malam, taka inda na taka, kada ka bi koren nan." Da wani matashi ya nufi bakin ruwa zai ɗauki hoto, hannu ya kama masa ya dawo da shi, ba faɗa ba tsawa. Don Allah duk wanda ya je ya ƙara wa irin waɗannan mutane wani abu a kan abin da aka yi ciniki.

Ƙorafina biyu ne, kuma na faɗa wa samarin baki da baki. Mun makara da barin Akwanga saboda jiran karin kumallo, don haka ba mu gama kallo ba aka ce a juya kada dare ya riske mu a daji. Mutum ya taso tun daga Katsina, bai kamata a ƙididdige masa zaman wurin haka ba. Na biyun ya fi yi mini ciwo: ba su gaya wa kowa irin tafiyar ƙafar da ke gaba ba. Akwai wani dattijo a cikinmu da ya zo da babbar riga da silifas, a rabin hanya ya zauna gindin bishiya ya ce, "Ku je, 'ya'yana, ku ba ni labari." Kuɗinsa ɗaya da namu.

Zan sake bin su in sun gyara waɗannan. Mai niyya ya tanadi takalmi mai kama ƙasa, da ledar saka waya, da kayan canji, kuma ya tambayi halin tsaron hanya kafin ya biya.